Neman Dutsen Niƙan Kakata a Gwaram

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu uku a motar abokina, motar da in kana son ta tashi sai ka fara yi mata sallama ka tambaye ta kwanan iyali. Shi ne a sitiyari, ni a gefensa, a baya kuma maƙwabcina, wani ƙato na gaske, wanda in ya tsaya a ƙofar shago sai mai shagon ya kunna fitila. Ba don hira na gayyato shi ba. Dutse za mu je ɗaukowa, ni kuwa bayana ya daɗe da ajiye aiki.

Bari in faɗa muku mafarin abin. Hajiya, wato mahaifiyata, 'yar wani ƙauye ce can bayan Gwaram, a hanyar Fagam. Mahaifinta shi ne Sarkin Noman garin a zamaninsa. Bayan rasuwarsa dangi suka watse, gidan ya zama kango shekara da shekaru, har awaki suka raba ɗakunan a tsakaninsu. Sai ɗan kawuna, taubashina, da ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, ya tashi ya gyara gidan ya mai da shi gidan tarihi. Da ya gama ya ɗauki bidiyo ya turo wa dangi a waya. Kowa ya yaba. Ni ma na yaba, duk da yabon taubashi yana sa ni ciwon maƙogwaro. Da aka nuna wa Hajiya ta yi ta murmushi, har aka zo kan madafa, aka nuno wani ƙaton dutsen niƙa da takarda a jikinsa, wai na mahaifiyarta ne. Nan murmushin ya ɗauke.

"Wannan ba dutsen Inna ba ne," ta ce.

Dama tun farkon damina Hajiya ba ta da lafiya. Abinci in ta yi loma biyu sai ta ture kwano, a yi lallashi, a yi magiya, ta juya fuska bango. Daga ranar bidiyon nan kuma ba ta da zance sai na dutse. Rannan ta sa na jawo mata tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, ta ciro wani abu naɗe a zane. Ɗan dutse ne, ƙaramin da ake riƙewa a hannu a gurza hatsi a kan babban. Ta ce ranar da aka binne mahaifiyarta ta ɗauko shi, babban ne ya fi ƙarfinta.

"Ka je ka nemo mini uwarsa ka kawo mini nan," ta ce, "in gan ta, in taɓa ta, kafin a kira ni."

Kun san ni da baki, amma ranar ban tsaya musu ba. Na sa hannu biyu na karɓa.

Hanya ta yi mana kyau har Wudil. Kogi ya cika ya batse, masu kifi sun yi layi a bakin gada suna ɗaga tire. Nan muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan zamanin nan kuwa sai addu'a, in ka yi atishawa kusa da shi sai ka neme shi ka rasa, amma kuɗinsa ya yi ƙiba. Maƙwabcina ya sa mai ƙosai ta juye masa kasko biyu, ya ce wannan na buɗe maƙogwaro ne. Daga nan gonaki ne hagu da dama. An yanke gero an kwantar, dawa ta fitar da kai tana rangaji, wake ya bi ƙasa ya rufe kunya. Duk wanda ya ce ƙasar nan ba albarka, a ɗauko shi a kawo shi kudancin Jigawa da kaka.

Da muka doshi Birnin Kudu sai duwatsu suka fara tarbar mu. Wani a kan wani, wani ya jingina da ɗan'uwansa, kamar an jera su an tafi cin abinci za a dawo. Akwai guda da na tabbata in ƙadangare mai nauyi ya hau shi gangarowa zai yi. Abokina ya rage gudu ya ce, "Malam, ga duwatsu nan kyauta har sun yi wa gari yawa. Mu zaɓi mai kyau ɗaya mu juya, man motata ya huta." Ba zan ɓoye muku ba, sai da na auna maganar. Sai na tuna matar da ta kama kuskure a bidiyo, a wayar da fuskarta ta tsage, ba tare da ta sa tabarau ba. Na ce mu dai ci gaba.

A tashar Birnin Kudu muka ci waina da miyar taushe, wainar da ta rama mana zaluncin ƙosan Wudil. Abokina ya sayi tukunyar ƙasa sabuwa, ya ce uwargida ta daɗe tana son ta dafa magani a ciki. Ya naɗe ta a buhu, ya kwantar da ita a but ɗin motar kamar jaririya. Ku riƙe tukunyar nan a ranku.

Mun wuce Gwaram da hantsi, muka ɗan taɓa gaba, sannan muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauye. Damina ta yi wa hanyar nan cin kaca. Akwai ramin da muka shiga, sai da muka gaisa da mutanen da ke zaune a ciki kafin mu fito. Motar tana kuka, mu muna salati, maƙwabcina kuma yana barci, domin shi ba ramin da ya isa ya ɗaga shi daga kujera.

Gidan yana tsakiyar gari, kusa da masallaci. Na yi zaton zan ga ɗan kwaskwarima ne, sai na tarar da abin da ya sa na cire hula na mayar. Katangar ƙasa ce ja, an yi mata sabon yaɓe, ga zanen hannu a goshin zaure, ga indararo sun miƙo wuya daga rufin soro. Taubashina yana tsaye a ƙofa da 'yar sandarsa ta nuna allo, wadda ya yi ritaya da ita.

"Bawana ya iso," ya ce. "A shigo, amma kar a taɓa komai, na san hannun mutanen birni."

"Bawa ai shi ke gadin gida," na ce, "ubangida kuma ya zo duba aiki. Ina rahoto?"

Haka muke da shi tun muna yara, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma har yau ba a yanke hukunci ba.

Zauren sanyi ƙalau kamar an sa na'ura, alhali ko wayar lantarki babu. Sama azara ce baƙa wuluk, ya ce rabinta tun ta kakanmu ce. Ya ba ni labarin yadda ya nemo wani tsohon magini da ya rage a yankin, yadda suka buga tubali da hannu, yadda wani ɗan'uwa ya aiko da siminti tsohon ya ce in an shafa shi a bangon ƙasa shi ya tafi gida. Daɓen ɗakunan kuwa matan unguwa ne suka taru suka yi, da waƙarsu da shewarsu. Shekara uku ya yi a kan aikin. Na dubi hannunsa, duk ya yi kanta. Da can alli kawai hannun nan ya sani.

Bayan zaure akwai randa, a gefenta wani faffaɗan dutse inda baƙi ke tsayawa su cire takalmi su wanke ƙafa. Maƙwabcina ya leƙa ƙofofin ɗakunan, ya ga magabata ba su yi ginin da irinsa a rai ba, sai ya zauna a kan dutsen nan ya ce zai jira mu. Aka kawo masa dafaffiyar gyaɗa a kwano, ya sami aikin yi.

Ɗaki ɗaya na kayan noma ne: galma, sungumi, lauje, magirbi. Ɗaya na karatu: alluna, gafaka, da Alƙur'ani rubutun hannun wani malamin garin da jikokinsa suka kawo. Ɗaya na mata: akushi, ƙore, faya-fayai, mazari da abawarsa. Kowane abu da takardarsa, an rubuta da boko da ajami. Abin da ya kashe ni da dariya shi ne wuraren da ba komai sai ƙusa da takarda. Na matsa na karanta wata: “Laujen Sarkin Noma. An ara, yana gona.” Wata kuma: “Babbar tukunyar gidan. Tana gidan suna, za ta dawo jibi.”

"Wane irin gidan tarihi ne kayansa ke fita yawo?" na ce.

"To maƙwabci ya yi sallama ya ce a ara masa lauje, in ce masa me? Tarihi ya hana?" Ya gyara tsayuwar wata takarda. "Suna dawowa da shi. Har wasa mini shi suke yi."

Sai muka zo madafa. Duwatsun niƙa huɗu a jere, babban a tsakiya da takardar nan da ta hana Hajiya sukuni. Nan na kwance zane na fito da ɗan dutse, na faɗa masa saƙon. Wasa ya bar fuskarsa. Ya ce lokacin da ya zo gyara, duwatsun a warwatse ya same su, wasu a kango, wasu maƙwabta sun ja. Bai tambayi kowa ba. Ya duba ya ga gidan da ke ciyar da mutum arba'in kullum, ai babban dutse ne nasa, sai ya liƙa takarda.

Matarsa ce ta ce a kira Iya Delu, ƙawar Hajiya ta ƙuruciya, wadda gidansu ke jikin wannan. Ta shigo tana dogara sanda, 'yar tsohuwa kamar a sa a aljihu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe haɓata ta juya fuskata hagu da dama, ta ce, "Ɗan Tabawa ne. Ga kunnuwan nan." Sunan Hajiya ke nan na yarinta, rabon da in ji shi a bakin wani har na manta. Da aka gaya mata dalilin taubashina na zaɓen babban dutse, ta yi dariya har sai da ta zauna.

"Malam, ka taɓa niƙa?"

"A'a, Iya."

"Ai na gani. Wannan ƙaton na gidan wanzamai ne, matar gidan raguwa ce, kullum hatsinta a gidan mutane ake niƙa shi, shi ya sa dutsenta ya tsufa da ƙibarsa. Dutsen da ya ciyar da mutum arba'in kullum, me zai rage a jikinsa?"

Ta karɓi ɗan dutsen, ta shafa shi, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce dutse da ɗansa in sun shekara suna aiki tare, cin juna suke yi har kowa ya ɗauki siffar ɗan'uwansa, ba ya zama daidai a kan wani. Ta ɗora shi a kan babban, ya yi ta rawa. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku da na huɗu, duk haka. Na fara tsara yadda zan shiga ɗakin Hajiya hannu wofi.

"Su ke nan ka samu?" Iya ta tambaya.

"Akwai na biyar," taubashina ya ce, "amma ya lalace. Ya rarake kamar kwano, ba kyan gani. Na kife shi a bakin randa."

Duk muka juya. Maƙwabcina yana zaune a kai, ɓawon gyaɗa ya kewaye shi kamar an yi sussuka. Ya dube mu ya ce, "Lafiya? Ai ni aka kawo wa."

Aka tashe shi. Ya sa hannu a hankali ya birkice dutsen, kuma wannan ne kaɗai aikin da ya yi a tafiyar, amma ya yi shi da kyau. Cikin dutsen ya zurma, santsi kamar cikin ƙwarya. Iya Delu ta share ƙasar da gefen zanenta, ta ɗora ɗan dutsen. Ya zauna daram. Ta tura shi gaba, ta jawo shi baya, ko motsin gefe bai yi ba. Ta nuna wata 'yar ɓalla a kusurwa ta ce, "Ga inda Tabawa ta saki taɓarya. Ranar a gidanmu ta ɓuya har la'asar." Taubashina ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Wata da watanni baƙi suna taka dutsen kakarsa da ƙafa, shi kuma yana yi musu bayani a kan na wanzamai.

Na ce to alhamdu lillahi, a buɗe but. Iya ta ɗaga hannu. Ta ƙwanƙwasa tsakiyar dutsen da ɗan yatsa, ya yi ƙara kamar faranti, sannan ta nuna mini wata siririyar tsaga da ta ratsa shi. Na ce, "Iya, dutsen da ya ɗauki wannan bawan Allah ai zai ɗauki hanya." Ta ce, "A kife yake a kan yashi. Zama daban, jijjiga daban." Abokina ya tafi buɗe but, sai ga shi ya dawo da buhu yana ƙaras-ƙaras. Tukunyar uwargida ta zama tukwane goma sha.

Taubashina ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo ce ta aiko. Nata ne. Ka ɗauka." Ya juya yana gyara wata takarda da ba ta karkace ba.

Na fita neman sabis in kira gida. Na hau dakali, na hau suri, na hau wani dutse a bayan masallaci na ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Ba ko ɗigo. Shawara ta dawo kaina. In na ɗauka, wataƙila in kai wa Hajiya dutsen mahaifiyarta gida biyu, kuma in bar madafar nan da duwatsun aro. In na bari, na saɓa wa tsohuwa marar lafiya abu ɗaya da ta roƙe ni.

Da na dawo na tarar Iya Delu ba ta jira shawarata ba. Ta sa an wanke dutsen an girke shi a madafa, an kawo surfaffen sabon gero. Ta ajiye sanda ta durƙusa. Niƙan farko ta ce a watsa wa kaji, na wanke dutse ne. Sannan ta kama na gaske, tana yi tana wani ɗan amo a maƙogwaro, gari yana zuba fari a faifai. Da ta gaji matar taubashina ta karɓa. Ni ma na ce a ba ni in sa albarka. Sau uku na tura, kafaɗata ta shigar da ƙara, gwiwata ta tsaya mata shaida. Iya ta ce in tashi kar in ɓata musu gari.

Ta ƙulle garin a leda, ta naɗe ɗan dutsen a zanensa, ta miƙo mini duka biyun. "Ka kai wa Tabawa. Ka sa a yi mata tuwo da miyar kuka. Kar ka yi surutu sai ta ci, in za ka iya."

Bayan azahar muka kamo hanya, but ba komai sai gari da gawar tukunya. Maƙwabcina ya ce shi dai bai taɓa yin aikin ɗaukar kaya mai daɗin wannan ba, in za a koma a tuna da shi. Ni ban yi dariya sosai ba. Mun shiga Kano ana kiran magariba. Na gai da Hajiya daga bakin ƙofa, na ce gajiya, na gudu. Ina da jikoki, amma ranar guduwa na yi.

Washegari da rana maiɗakina ta tuƙa tuwon, na ɗauka da kaina na shiga. Hajiya ta dubi hannuna, ta dubi bayana.

"Ina dutsen?"

"Hajiya, ki taɓa wannan tukuna."

Ta harare ni, amma ta gutsura. Loma ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu na ji ɗan garas a bakinta. Ta tsaya da tauna. Na ce shi ke nan, na ƙarasa mata haƙoran da suka rage. Ta dubi kwanon, sannan ta haɗiye ta sake gutsura.

"Wa ya niƙa?"

"Iya Delu."

"Tana nan ashe." Ta ci wata lomar. "Akwai ɓalla a kusurwarsa?"

"Akwai. An ce taɓarya ce ta faɗi da kanta."

Ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin damina. Na ba ta labari duka, da tsagar, da tukunya, da ƙaton da ya zauna a kai. Tana ji tana ci, har ta share malmala guda. Da ta wanke hannu na miƙa mata ɗan dutsenta. Ta riƙe shi a cinya ta shafa, sannan ta turo mini shi.

"Mayar da shi wurin uwarsa. Na raba su shekara da shekaru, ya isa haka. Ka ce wa wancan mai taurin kan ya gyara takardarsa, ya rubuta sunan Inna daidai. In Delu ta zo ara kuma, ya ba ta."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Yanzu in na shiga gidan tarihi ba na tsayawa wurin abin da ya fi girma da sheƙi, wanda ya cinye ya siɗe nake nema, domin shi ya yi aikin. Kuma duk mai son rubuta tarihin madafa, ya fara sallama da tsohuwar da ke maƙwabtaka kafin ya ɗauki biro. Taubashina kuwa, ko da yake bawana ne, ya yi abin da mu duka jikokin gidan muka kasa, kuma na faɗa masa haka a waya. Ya ce in maimaita, sabis ya ɗauke. Ƙarya yake yi, ya ji.

Na ɗauki kwanon zan fita ke nan Hajiya ta kira ni.

"Garin nan," ta ce, "akwai saura?"